Wace Manhaja Za Mu Ɗora?

Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar Mama? Ina fata tana shan maganin, ba tura shi take yi ƙarƙashin matashi ba irin wancan karon. Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Kin ce kin gaji da saƙonnina na waya masu layi biyu, in zauna in rubuto miki a takarda abin da ya hana ni zuwa gida wata uku. To ga shi, kuma ke kika jawo wa kanki.

Kin san kamfaninmu na kai saƙo da kaya ne. Muna da rassa ɗari da sittin, kwamfutoci dubu biyu da ɗari huɗu, kuma ni ce mai kula da su duka. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tuƙa ta, in babu ita akwati ce kawai. Tamu ta tsufa, masu ita sun aiko cewa daga ƙarshen shekara sun daina yi mata gyara, sun daina toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa. Dole mu sauya. Mun amince mu koma wata da ake kira Linux, a wannan ba a yi gardama ba. Matsalar ita ce Linux ba guda ɗaya ba ce. Kamar kekunan ɗinkin shagonki ne, duk ɗinki suke yi, amma kowanne da wanda ya haɗa shi, da inda ake samun kayan gyaransa. Mun tace mun tace, saura uku. Sunayensu ba za su amfane ki ba, ga yadda muke kiransu a ofis.

Akwai 'Yar Kwangila. Ana biyan kamfanin da ya haɗa ta duk shekara, su kuma sun yi alkawarin kula da ita shekara goma, in ta lalace akwai lambar da za a kira. Akwai Dattijuwa, wadda mutane masu aikin sa-kai ke haɗawa, kyauta ce, ba ta gaggawa, ba ta kwalliya, amma in ta rikice ba wanda za ki kira. Sai 'Yar Gayu, mai kyan fuska, duk mako da sabon abu.

Ni 'Yar Kwangila nake so, ban ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, duk abin da ya lalace ni ake kira. Ina so ni ma in samu wanda zan kira.

Amma an kafa kwamiti, Yaya. Allah ya raba ki da kwamiti. Akanta, mai riƙe da kuɗin kamfani, ya ji kalmar kyauta sau ɗaya, tun daga ranar kunnensa ya toshe. Shugaba kuwa 'Yar Gayu yake so, saboda ya gan ta a kwamfutar wani da ya zauna kusa da shi a jirgi, wai launinta ya burge shi. Na yi masa bayani sau uku cewa abin da ke sauya kama duk mako ba a ɗora shi a kan kwamfuta dubu biyu, sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane, zama na gaba kuma ya sake tambaya ina aka kwana kan waccan mai kyau.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban ciwon kaina mataimakina ne, wanda muke kira Mai Gemu. Ya iya aiki, wannan ba zan tauye masa ba, akwai abubuwan da ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma a kan Dattijuwa ba ya ji ba ya gani. Ki tambaye shi ƙarfe nawa, zai faro miki daga tarihin waɗanda suka haɗa ta. Jiya ya ajiye mini takarda shafi talatin da biyu a tebur, wai taƙaitaccen ra'ayinsa ke nan. Taƙaitacce! Na ɗora kofin shayina a kai.

Zama takwas muka yi, abin da muka iya yankewa kawai shi ne a yi gwaji. Ki ba Mama haƙuri, ki ce mata da an gama gwajin ina tafe.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin cewa gwiwar Mama ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Yaya aiki, yaya yara? Maganarki ta cewa in jefa ƙuri'a in huta ta ba ni dariya, kuma wallahi sai da na yi tunanin hakan.

Gwaji ya yi kyau. Na ɗora 'Yar Kwangila a rassa uku da ke kusa da babban ofis, mako biyu ko tari ba ta yi ba. Mai Gemu ya nace sai an ƙara reshe ɗaya daga cikin tsofaffin nan na nesa, na ce a ƙara, don dai ya bar ni in sha iska. Shugaba ya haƙura da 'Yar Gayu bayan na sa an ɗora masa ita a kwamfutarsa, ta sabunta kanta ranar Litinin, firintarsa ta daina aiki.

Kamfanin 'Yar Kwangila sun turo mana wakilinsu, wani mai zaƙin baki da muke kira Ɗan Kwat, don ko rana na ƙona ƙasa ba ya cire kwat. Duk abin da na tambaya sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. An sa ranar Alhamis ta sama don sa hannu.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi. Na yi abin da bai kamata ba, Yaya, kuma gara in gaya miki da kaina.

A zaman ƙarshe Mai Gemu ya sake tashi. Minti arba'in yana magana, cewa za mu ɗaure kanmu a hannun kamfani ɗaya, cewa ban karanta takardarsa ba. Ina ganin Akanta ya fara gyara zama yana murmushi, na san in aka bar shi ya ci gaba za a koma farko, wata huɗu na aiki su tafi a banza. Kaina ya ɗau zafi. Na katse shi a gaban kowa na ce kamfani ba ɗakin wasansa ba ne. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Kai kaɗai ka san cikin Dattijuwar nan. Ranar da ka faɗi ka mutu, wa za mu kira?"

Yaya, mutumin nan bara aka yi masa aiki a zuciya. Kowa a ɗakin ya sani, ni ma na sani, ni ce ma na sa hannu a takardar hutunsa. Bakina ne ya riga hankalina. Mai Gemu ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tura kujerarsa ciki a hankali, ya fita. Washegari na tarar da takardar ajiye aiki a teburina, layi uku. Mutumin da bai taɓa rubuta abin da ya gaza shafi goma ba.

Maigidana ya ce in kira Mai Gemu in ba shi haƙuri. Na ce zan kira, ban kira ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne tambayar da na yi gaskiya ce, kawai dai ba haka ake yin ta ba. Kada ki gaya wa Mama wannan, kin san abin da za ta ce a kan bakina.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Faɗanki ya iso, na karanta sau biyu, ban da abin cewa. Ki ajiye saura, don akwai ƙari.

Ranar Talata, saura kwana biyu a sa hannu, na ce bari in leƙa reshen nan na nesa da Mai Gemu ya sa aka ƙara, don in an tambaye ni in ce na je. Tafiyar awa huɗu ce. Ɗaki ɗaya ne da kantar karɓar kaya, fanka guda, buhuna da kwalaye har rufi. Tun daga ƙofa na ga layi ya fito waje.

Mai kula da reshen wata dattijuwa ce, shekararta goma sha tara a kamfanin, direbobi suna kiranta Uwar Sikeli. Aikin reshe shi ne a ɗora kaya a sikeli, sikelin ya aika nauyin cikin kwamfuta, kwamfuta ta fitar da takardar da za a manna. Na tarar da ita tana ɗora kaya, ta sunkuya ta karanta nauyin da tabarau, ta rubuta a tafin hannunta da biro, ta zagayo ta buga a kwamfuta da yatsa ɗaya. Kowane kaya haka. Na tambaye ta me ya sa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tunda kuka sa sabon abin nan sikeli ya daina magana da kwamfuta. Yau kwana tara."

Na ce me ya hana ta sanar da mu? Ta ce sau huɗu tana kiran ofishinmu, kowane karo a ce ta kashe ta kunna. Ta kashe ta kunna har ta gaji, sai ta ɗauka haka sabon tsarin yake. Ba ta san ni ba, Yaya. Ta ce in na koma in gaya wa wadda ta zaɓi abin nan ta zo ta tsaya a bakin kantar nan wuni ɗaya. Na ce to, zan gaya mata.

Na zauna a kan kwali na gwada duk abin da na sani, awa biyu, sikeli ya ƙi. Tsohon samfuri ne, 'Yar Kwangila ba ta san da zamansa ba. Rassa ukun da na yi gwaji a cikinsu duk sababbin sikeli gare su, shi ya sa komai ya tafi sumul. Na kira ofis na sa a duba mini irin wannan tsohon nawa muke da shi. Ɗari shida da goma sha huɗu.

Daga nan na kira Ɗan Kwat. Karon farko da bai ce ƙaramin abu ba ne. Ya ce wannan samfurin ba ya cikin jerin na'urorin da suka ɗauki alhakinsu, yana nan a rubuce a shafi na arba'in da bakwai na kwangilar. Ko mu sayi sababbin sikeli, ko mu jira fitowa ta gaba, wata goma sha takwas. Na ce ai na ɗauka amfanin biyan ku shi ne in samu wanda zan kira. Ya ce ai ga shi kin kira, Hajiya, kuma na ɗauka. Na kashe wayar kafin bakina ya sake jawo mini wani abin.

Da na dawo ofis na ɗaga kofin shayin daga kan takardar Mai Gemu, na zauna na karanta ta. Shafi na goma sha ɗaya, Yaya. Ya rubuta sunan sikelin, da adadinsu, da cewa ya gwada a Dattijuwa yana aiki, a 'Yar Kwangila ba ya yi. Har ya ja layi a ƙarƙashi. Wata guda takardar tana teburina da zoben shayi a kanta.

Haushin kaina nake ji, amma shi ma ina jin haushinsa. Wane irin mutum ne zai binne magana irin wannan a shafi na goma sha ɗaya, bayan shafi goma na tarihi? Minti arba'in ya yi yana magana a zama, bai ambaci sikeli ba ko sau ɗaya, ko kuma ya ambata a lokacin da na daina saurare. Ban san wanne ba ne, kuma ba na son in sani.

Na shiga wurin Shugaba na ce a ɗage sa hannu. Ya tambayi dalili, na gaya masa gaskiya, cewa gwajina ne bai cika ba. Ya cire tabarau ya ce saura wata biyar shekara ta ƙare, in na kasa in faɗa masa tun yanzu ya nemo wanda zai iya. Ya ba ni mako ɗaya.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya jikin Mama da sauran gida? Na ji ƙaramarku ta fara tafiya, Allah ya raya ta.

Na je gidan Mai Gemu ranar Asabar da hantsi. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin na tsaya. Matarsa ce ta buɗe, daga yadda ta amsa sallamata na san ta ji komai. Ta kai ni falo, ta kawo ruwa, ta ajiye shi da ɗan ƙarfi.

Ya fito da jallabiya, ya rame. Na riga na shirya jawabi a mota, da na gan shi duk ya gudu. Na ce masa abin da na faɗa ba shi da kyau, na san halin da yake ciki kuma na faɗa, ya yafe mini. Na ce na karanta shafi na goma sha ɗaya. Sai ya ce, "Sauran shafukan fa?" Yaya, kamar in jefe shi da kofin ruwan. Na ce na karanta duka, har da tarihin.

Sai ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce maganata ta yi masa zafi ne don ita ce abin da yake tunani tun da ya fito daga asibiti. Ya ce ya san abubuwa da yawa na kamfanin suna kansa ne kawai, bai rubuta ba, bai koya wa kowa ba, don yana jin daɗin a riƙa nemansa. Matarsa tana bakin ƙofa ta ce ai ta daɗe tana gaya masa. Daga nan ta koma gefena, har ta ƙaro mini ruwa.

Mun baje takardu a kan tabarma har azahar. Ya yarda ya janye takardar ajiye aikinsa, ga kuma abin da muka fitar. Kwamfutocin rassa, masu sikeli da firinta, za a ɗora musu Dattijuwa. Manyan na'urorin babban ofis, inda bayanan kowa da kowa suke, za su hau 'Yar Kwangila, don a nan ne in abu ya lalace muke bukatar wanda ya sa hannu zai zo. Ni na sa sharaɗi cewa zai rubuta duk abin da ya sani, ya koya wa mutum huɗu har su iya ba tare da shi ba, kuma kowane bayani kada ya wuce shafi biyu. A kan shafi biyun nan muka fi daɗewa muna ja, ya ce huɗu, muka tsaya a uku. Shi ma ya sa nasa: ba za a ƙara cewa ma'aikacin reshe ya kashe ya kunna sau biyu a kan matsala ɗaya ba, kira na biyu dole ya iso teburina. Na yarda, ko da yake na san abin da na jawo wa kaina.

A kwamiti kuwa kowa ya fito da fuska a ɗaure. Akanta bai samu kyautarsa duka ba. Ɗan Kwat ya zo sayar da dubu biyu da ɗari huɗu, ya koma da sittin, har kwat ɗin ya cire. Mai Gemu yana ta ƙunƙuni cewa an raba gida biyu. Ni kuma yanzu manhaja biyu zan kula da su maimakon ɗaya, aikina ya ƙaru ke nan. Shugaba kaɗai ya ji daɗi, ya ce dama tun farko abin da yake nufi ke nan. Na ciji leɓe na ce haka ne, ranka ya daɗe. Kin ga ina koyo.

Na koma wurin Uwar Sikeli da kaina muka ɗora mata Dattijuwa. Ta ɗora kwali, nauyi ya fito a kwamfuta. Na gaya mata ni ce wadda ta ce a kira mata. Ta ce ai ta gane tun ranar, daga yadda fuskata ta yi. Ta sa ni na tsaya a bakin kantar har aka tashi.

Sai na sake rubutowa. A gaida maigidan.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Wannan gajeriya ce, don hannuna ya gaji.

Mun gama ranar Laraba, saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika. Rassa goma-goma muka riƙa bi, muna sauyawa bayan an tashi aiki, muna gyara fuskar sabuwar manhajar ta yi kama da tsohuwar don kada mutane su rikice. Mutum huɗun Mai Gemu su suka yi rassa arba'in na ƙarshe, shi yana zaune a ofis yana cin farce, an hana shi taɓa waya.

Jiya na biya wani reshe da muka sauya mako uku da suka wuce. Na ga komai na tafiya, layi gajere, takardu na fita. Na matsa kusa da ma'aikacin da ke kan kanta, wani mai furfura, na tambaye shi yaya yake ganin sabuwar manhajar. Ina jira in ji ko madalla ce, ko ƙorafi, ko wani abu dai. Bai ko ɗago ba, yana manna takarda a kwali ya ce, "Ai mu ba a zo mana ba tukuna. An ce za a sauya, har yau shiru. Kin san mutanen babban ofis, sai surutu."

Wata tara, Yaya. Na rame, na yi faɗa da mutumin kirki, na kusa rasa aikina, ban ga Mama ba, kuma mutumin nan yana aiki a kanta mako uku bai san an taɓa komai ba. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na rufe. Na ce masa haka suke, Allah ya shirye su.

Na ɗauki hutun mako biyu. Ina tafe ranar Juma'a, motar safe. Ki gaya wa Mama, kuma don Allah duk wanda wayarsa ko kwamfutarsa ta lalace a gidan nan, kada a ce masa ina zuwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta